Mai Fito a Addu'ar Babanmu

Babanmu mai gyaran kujeru ne. In ka tambayi mutanen layinmu sunansa na yanka, sai sun ɗaga kai sun yi tunani, don Mai Kujera kowa ke ce masa, har Ummanmu idan ya ɓata mata rai. Shagonsa yana ƙarshen layi, tsakanin mai walda da wata mata mai sayar da kwanuka, ɗaki ɗaya ne da rumfa a gaba. A rumfar ake tuɓe kujerun mutane a bainar jama'a, a fito da ruɓaɓɓen soso da karyayyen sifirin. A ciki kuma nake zaune ni da keken ɗinki, ina haɗa musu sababbin riguna. Tun da na gama makaranta nake wannan aiki tare da shi, aure ma bai raba ni da keken ba. Kullum sai mun yi faɗa, yawanci a kan awo, kuma yawanci ni ke da gaskiya.

Da kujerun mota ya fara, yana saurayi, a wajen wani tsoho mai zafin hannu da ke bayan gareji. Da ya tsaya da ƙafarsa sai ya koma na gida, wai masu mota kullum sauri suke yi, shi kuwa gam ba ya bushewa don mai kaya yana sauri. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya rabo da alli a bayan kunne, kuma in yana aiki ƙananan ƙusoshi yake zubawa a baki yana zaro su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka rabin amsoshin da muka samu daga gare shi muna yara "uhm" ne da "uhm-uhm". Ba ya son a zauna a hannun kujera, ko a gidan wani ne sai ya yi magana. Yakan kuma karanta gida daga kujerarsa. In gefe ɗaya ne ya lotsa, ya ce mai gidan nan shi kaɗai yake zama; in tsakiya ce, ya ce 'ya'ya sun fi ƙarfin iyaye. Duk abin da ya tsinta a lungun kujera, cokali ne, ɗan kunne ne, mataji ne, sai ya jefa a wani gwangwanin madara da ke kan kanta, ranar da mai kujera ya zo ɗauka a miƙa masa kayansa.

A gida kuwa abin da aka fi saninsa da shi addu'ar bayan magariba ce. In ya dawo daga masallaci sai ya shimfiɗa darduma a ɗan barandar da ke tsakanin ɗakinsa da kicin, ya ɗaga hannu ya fara jero mutane da murya sama, kamar malami yana kiran sunan ɗalibai. Jerin ba ya canjawa. Iyayensa ne a gaba, sai Umma, sai mu 'ya'ya daga babba zuwa ƙarami, sai 'yan'uwansa, sai maƙwabta, har da mai walda da ke hana shi jin maganar kansa wuni guda. Umma na kicin tana amsawa da amin tana juya tukunya, ba ta taɓa kuskuren wuri ba. In ɗayanmu ya yi laifi, a addu'ar zai ji labari: "Allah ka shiryi wance, ka rage mata baki." Wance ɗin nan ni ce, kuma ba sau ɗaya ba.

A cikin jerin nan akwai gurbi. Bayan Gwaggo, kafin maƙwabta, Baba kan yi ɗan shiru, ya gyara murya, ya wuce. Wurin Baba Ƙarami ne, ƙaninsa, autan Kaka.

Baba Ƙarami direban babbar mota ne, mai yawan dariya da tsaraba, wanda duk muka fi so muna yara. Da ciwon ajalin Kaka ya yi tsanani, Babanmu ne ke zaune da ita a asibiti, shi ke juya ta, shi ke ba ta ruwa da cokali. Ita kuwa autanta take kira. Baba ya aika masa, Baba Ƙarami ya ce gobe. Baba ya kira shi a waya, shi kuma ya ce gobe da safe yana nan tafe. Alhali yana cikin gari. Washegarin sai aka ji ya ɗauki lodi ya yi nisa, bai dawo ba sai da aka rufe ta. Ya zo gidanmu idanu jawur, Baba ya tare shi a bakin ƙofa, bai ko ɗaga murya ba, ya ce, "Auta, daga yau ko a addu'ata ba ka ciki." Ya mayar da ƙofa ya rufe. Wanda ya san Babanmu ya san wannan ta fi mari zafi. Shekaru suka yi ta wucewa, aka yi aurena, aka yi na ƙannena, Gwaggo ta yi roƙo har ta gaji, gurbin nan yana nan. Mun saba da shi har in Baba ya gyara murya a wani wuri dabam, sai mu kalli juna.

Kada a ce abin bai taɓa shi ba. Wata rana muna jan yadi a bayan wata kujera ya ce, "Uwata," don haka yake kirana, sunan Kaka aka sa mini, "addu'ata ta koma kamar buga ƙusa. Baki na ta yi, ni kuwa ina nan shago ina auna yadi." Na ce to ya cike gurbin nan mana ya gani. Ya zuba ƙusoshi a baki, magana ta ƙare.

Ana nan sai wani littafi ya shigo shagonmu a cikin wata doguwar kujera, mai zaman mutum uku, ta wata malamar asibiti. Da Baba ya ɓare buhun da ke ƙasanta sai littafin ya faɗo tare da ƙura da ɓawon gyaɗa. Ba bango, ba shafin farko, ba sunan wanda ya rubuta, gefensa duk ya sha shayi. Bai shiga gwangwani ba, sai aka ɗora shi a kai. Da malamar ta zo ta ce ba nata ba ne, ita ma kujerar ta hannu ta saya. To Babanmu da littattafan labari ba sa ga-maciji. Ya sha ƙwace nawa ina budurwa, yana ce musu ƙaryar da aka yi wa bango. Na ce masa yau ga wadda ko bangon ba ta da shi. Ya ce shi dubawa kawai zai yi, ko mai littafin ya rubuta sunansa a ciki.

Neman sunan nan bai ƙare ba. Labarin wani mai fito ne, mai tsallakar da mutane kogi da kwale-kwale. Wata rana da kogi ya cika ya tumbatsa, wani saurayi ya zo da mahaifiyarsa ba lafiya, yana so a tsallakar da ita wajen likita. Mai Fito ya dubi ruwa, ya tsorata, ya ce a bari sai da safe. Kafin safiya matar ta rasu a bakin kogi. Sauran littafin duk a kan abin da ya biyo baya ne: yadda Mai Fito zai yi alwala ya tsaya ya kasa ta da kabbara don kunyar Ubangijinsa, yadda yake magana da Allah a tsakiyar ruwa inda ba mai jinsa, da yadda yakan tafi har ƙofar gidan saurayin nan ya tsaya, ya juyo bai buga ba.

Bayan la'asar Baba ke karantawa, a kan wata kujerar da mai ita ya manta da ita shekara da shekaru. Karatun boko bai zauna masa sosai ba, da yatsa yake bi, leɓe na motsi, murya na fita kaɗan-kaɗan, har ni ma na san labarin ba tare da na taɓa littafin ba. Shafi ɗaya ko biyu, sai ya rufe, ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallon titi. Da farko zagi ne. "Matsoraci! Da safe, da safe. Ai na san irinku." Daɗi yake ji, kamar wanda aka kawo wa ɓarawonsa a ɗaure. Amma marubucin, ko wane ne shi, bai tsaya a bakin kogi tare da masu zagi ba. Ya shiga kwale-kwalen ya zauna kusa da Mai Fito, Baba kuma dole ya bi shi. Sannu a hankali zagin ya koma faɗa irin na gida. Ranar da Mai Fito ya sake juyowa daga ƙofa, Baba ya buga littafin a cinya ya ce, "Kai, ka buga mana! Cinye ka za a yi?" Har mai walda ya ɗaga gilashinsa ya leƙo.

Ni dai bakina ƙaiƙayi yake yi, don tsakanin "da safe" da "gobe" ba sai an hau mota ba. Na gaya wa Umma zan faɗa masa a fuska. Ta ce, "Ki kama bakinki. Ubanki da kansa yake cewa in an shafa gam a bar shi ya sha iska. Ke kullum sai kin danna da wuri."

Abin da ya fara canjawa sallarsa ce. Ya daina zama na farkon fita daga masallaci. Ya ce mini in ya karanta shafi guda ya zauna da shi, to in ya tsaya a sahu sai ya ji shi da kansa ya zo, ba jikinsa ya aiko ba. Wani lokaci kuma tambayar da Mai Fito ya yi a tsakiyar ruwa yake ɗauka ya wuni da ita. Akwai inda mutumin ya ce, "Ya Ubangiji, in Kai ka yafe mini, shi kuma bai yafe ba, ina na tsaya?" Wannan Baba ya daɗe yana juya ta yana cusa soso, har ya ɗinke bayan wata kujera da almakashina a ciki, muka yi ta nema.

Ran nan na biya gida da magariba in kai wa Umma labulen da na ɗinka mata. Ina tsaye a ƙofar kicin, Baba na jero mutanensa. Ya zo kan Gwaggo, Umma ta ce amin. Muka jira gyaran murya. Sai muka ji, "Allah ka dubi Mai Fito. Ka ba shi ƙarfin zuciya ya buga ƙofar nan."

Ludayi ya tsaya a hannun Umma. Ta bari ya shafa, sannan ta leƙo.

"Malam, wane ne kuma Mai Fito? A wane layin yake?"

"Wani bawan Allah ne."

"Na cikin littafi ne, Umma," na ce.

"Na takarda? Mutumin takarda ka sa ni a gaba in ce wa amin? Ga masu rai nan birjik suna jira."

"Ba a tilasta miki ba."

"Ai kuwa ba zan ce ba. Gobe sai ka kawo mana kwale-kwalen ma, mu roƙa masa kada ya yi yoyo."

Ta riƙe amin ɗinta kwana biyu. Amma Umma, duk bakinta, tana da kunne. Ta lura da inda aka ajiye Mai Fito a jerin, ta kuma lura gyaran muryar ya ɓace. Daga nan in an zo kansa, amin ɗin da take yi masa har ta fi tamu ta 'ya'yanta ƙarfi.

Shi ma Baba abin ya ɗan dame shi. Da Liman ya kawo wata kujerarsa mai karyayyar ƙafa, Baba ya ja shi gefe ya zayyana masa komai yana sosa ƙeya. Liman ya juya littafin, ya karanta wani wuri, ya ce labari labari ne, ba a ɗaukar hukunci a cikinsa, kuma ba ya zama madadin karatun Alƙur'ani. Amma in yana tausasa zuciya, yana kai mutum sallah da hankalinsa, shi bai ga laifi ba. "Batun addu'ar kuwa, Mai Kujera, Allah ya fi ka sanin wanda kake nufi."

"Mai Fito nake nufi," in ji Baba.

"To, madalla," in ji Liman. "Yaushe zan aiko a ɗauki kujerar?"

Da shafuka suka fara ƙarewa sai Baba ya rage sauri, yana tsimin su kamar ragowar yadi mai tsada. Ya ɗauka bango da shafin farko ne kaɗai suka tafi, ashe har da ƙarshen labarin. Shafin da ya rage ya kawo Mai Fito ƙofar gidan saurayin nan, ya tsufa, kansa ya yi fari, ya samu ya yi sallarsa ta farko bayan shekaru. Layin ƙarshe cewa ya yi, "Ya ɗaga hannunsa zai", shi ke nan. Baba ya juya takardar, ya ɗaga ta sama yana dubawa, ya girgiza littafin. Washegari ya ɗauki filaya ya tafi gidan malamar asibiti, ya roƙe ta ta bari ya sake buɗe ƙasan kujerar da shi da kansa ya rufe. Ya dawo da maɓallin riga guda da ɓacin rai. Ni ma na zaga wajen masu sayar da littattafai, amma littafin da ba suna ba marubuci, kowa sai ya ce in kawo bangon ya gani. Da na gaji na ce wa Baba bari ni in ƙarasa masa labarin, ai ba wuya. Ya ce a'a, ƙaryata daban, ta littafi daban.

Ya shiga damuwa ta gaske, abin dariya abin tausayi. "An bar mutum tsaye a ƙofa," yake ta cewa. Ya koma farko ya sake karantawa, ya sake isowa wuri ɗaya. Sai wata la'asar ya rufe littafin ya ce, "Uwata, shi na cikin gidan fa? Duk zuwan nan da ake yi, a ce bai taɓa jin motsi a ƙofarsa ba?"

Nan haƙurina ya ƙare, ko gam ya sha iska ko bai sha ba. Na tsayar da keke na ce, "Baba, ni dai na sha ganin Baba Ƙarami a bakin layin nan. Yakan tsaya jikin turken lantarki kamar mai jiran wani, ya kalli rumfar nan, ya juya."

Na zaci zai daka mini tsawa. Sai kawai ya ce, "Na riga ki ganinsa. Duk zuwan da ya yi ina gani." Ya tashi ya koma kan aikinsa. Daga ranar addu'ar ta sauya. Ya daina roƙa wa Mai Fito ƙarfin bugawa, ya koma cewa, "Allah, Mai Fito yana tsaye a ƙofa, ka sa a buɗe masa."

Ana cikin haka matar Baba Ƙarami ta zo wajen Umma. Ashe ya daɗe da ajiye tuƙi. Ciwon zuciya ne, ƙafafu sun kumbura, in ya kwanta numfashi ba ya fita, a zaune yake kwana a kan wata tsohuwar kujera da sifirin ɗinta ke sukarsa a baya. Shi ya sa aka daina ganinsa a bakin layi. Ta ce ba shi ya aiko ta ba, in ya ji ma ransa zai ɓaci. Umma ta gaya wa Baba yana cin abinci, ba ta ƙara gishiri ba. Ya ce a miƙo masa ruwa. Ni raina ya ɓaci har na kasa yi masa magana a shago. Haushi nake ji na mutumin da zai damu da na takarda, ya bar ƙaninsa na jini a kan sifirin.

Da magariba na je gida da niyyar in ya shafa in zazzage masa abin da ke cikina. Na tsaya inda na saba. Ya yi iyayensa, ya yi Umma, ya yi mu, ya yi Gwaggo. Sai ya ce, da muryar nan tasa ta kullum, ko ɗan shiru bai yi ba, "Allah, Auta yana tsaye a ƙofa, ka sa a buɗe masa."

Shi kansa sai da maganar ta fita ya ji ta. Hannuwansa na sama, bakinsa a buɗe. Na tabbata Mai Fito ya yi niyyar cewa, harshe ne ya riga shi. Yana iya gyarawa, ba wanda zai ce masa komai. Amma kafin ya motsa Umma ta ce "Amin!" da ƙarfin da maƙwabta suka ji, ta ƙara da wata amin ɗin, murfin tukunya ya faɗi ƙasa yana ta juyi ba wanda ya ɗauka. Baba bai gyara ba. Ya wuce kan maƙwabta, da ya zo kan mai walda sai ya shafa a nan. Ni kuwa duk maganar da na ƙunso ta narke. Na shige kicin ina kuka, Umma na ce mini in yi a hankali kada ya ji ya fasa.

Da safe na tarar ya riga ni buɗe shago. Ya sauko da wani soso mai kauri da ya daɗe yana hana masu saye, ya naɗe shi da igiya, ya zuba guduma da filaya da ƙusoshi a jaka. "Ɗauko tef da almakashi," ya ce. "Akwai aiki a waje." Ban tambayi ina ba.

Gidan Baba Ƙarami ɗaki biyu ne a bayan wani dogon gini, da ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti. Muka isa, Baba ya ajiye soso, ya gyara hula, ya ɗaga hannu. Sai hannun ya tsaya a sama. Ina kallonsa, dattijo da furfura, tsaye a ƙofa kamar daga shafin nan aka ciro shi. Ni dai ba mutuniyar littafi ba ce, kuma kayan da ke hannuna da nauyi. Na miƙa hannu ta gefensa na buga da ƙarfi.

Matar ta buɗe, ta toshe baki da mayafi, ta matsa. Baba Ƙarami na zaune jikin taga, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ƙafafun kuwa kamar ba nasa ba. Ya yunƙura zai tashi.

"Yaya."

Baba bai kalli fuskarsa ba. Kujerar ya zagaya, ya danna bayanta, ya leƙa ƙasa. "Wa ya yi maka wannan aikin banza? A kan wannan kake kwana?"

"Yaya, ni..."

"Uwata, kama shi ta can."

Muka ɗaga shi muka zaunar a bakin gado, aka tokare shi da matasai. Baba ya auna bayansa da tef, daga ƙugu zuwa wuya, ya tambaye shi yadda numfashi ya fi yi masa sauƙi, a miƙe ko in ya ɗan kishingiɗa. Sannan ya kifa kujerar a tsakar ɗaki, ya zauna a ƙasa ya fara ɓare ta. Ba abin da ake ji sai filaya da numfashin Baba Ƙarami. Can ya ce, "Yaya, ranar nan da ka kira ni, wallahi na zo har asibitin. Na hango ta ta taga. Ban gane ta ba, Yaya. Sai ƙafata ta ƙi."

Bakin Baba cike yake da ƙusoshi. Yana iya cewa "uhm" kamar yadda ya saba. Sai ya tofo su a tafin hannu, ya ce, "Tsoro ka ji. Ni ma da nake zaune a gabanta tsoron nake ji, Auta. Ni dai ba ni da mota ne." Ya mayar da ƙusoshin baki ya ci gaba da aiki, hawaye na bin gemunsa, bai share ba don hannuwansa duk gam ne.

Kujerar ta yi kyau. Ni na ɗinka mata riga, kuma a kan wannan awon ba mu yi faɗa ba. Daga ranar Baba ya mayar da karatun la'asar can. Yakan rufe shago da wuri, ya sa littafin a aljihu, ya je ya zauna a hannun kujerar, shi da ba ya bari kowa ya zauna a hannun kujera, yana karanta wa ƙaninsa da yatsa. In magariba ta yi su yi salla, ɗaya a tsaye ɗaya a zaune. Baba Ƙarami bai daɗe ba. A kan kujerar ya cika, wata safiya, Baba na riƙe da hannunsa. Sunansa ya koma sama a cikin jerin, kusa da na Kaka. Mai Fito kuma bai fita ba, an dai mayar da shi can ƙarshe bayan mai walda, Umma na ce masa amin har yau. Idon Baba ya yi rauni yanzu, ni ke karanta masa awo a jikin tef, littafin kuma yana nan a kan gwangwanin madara, ko mai shi zai zo.

Amma kafin rasuwar sun kai shafin ƙarshe. Ina wurin ranar, na kai musu abinci. Baba ya karanta har inda aka ce "Ya ɗaga hannunsa zai", ya tsaya. Baba Ƙarami ya buɗe ido.

"Sai me ya faru, Yaya?"

Na dubi Baba, mutumin da ya ce ƙaryata daban, ta littafi daban. Ya rufe littafin ya sa a aljihu.

"Kafin ya buga aka buɗe masa," ya ce. "Na ciki ya daɗe yana jin motsinsa."